Sojan Sarki, Taki Biyu

Babana, Sabo mai tsire, ya makance shekara uku kafin ya rasu. Hayaƙin tukuba ne ya fara cin idon, don ya yi shekara talatin a tsaye kan garwashi a bakin kasuwar Jarwal a nan Makka, daga baya yanar ido ta rufe abin da ya saura. Muna zaune a kan dutsen da ke bayan unguwar, cikin sandaƙa, wato ɗakin katako da gwangwani, ni da shi da yayata Rumasa'u, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Innarmu ta rasu tun ban yi wayo ba.

Ni kuwa a lokacin shekarata ashirin da ɗaya, kuma babu abin da na taɓa riƙewa ya daɗe a hannuna. Na bar makaranta a aji huɗu. Na tsaya a tukubar Baba wata biyu na gudu. Na zauna wajen wani tela ɗan Yaman har na iya kafa maɓalli, na gudu. Na yi yaron mota a hanyar Jidda, ita ma na bari. Dako a Mina ne kaɗai nake kaiwa ƙarshe, shi ma don kwana biyar ne yake ƙarewa da kansa. Baba ba ya faɗa. Idan aka gaya masa na sake barin wani wuri, sai ya ce, “To,” ya juya fuskarsa wajen ƙofa.

Abu ɗaya ne ban bari ba, shi ne shaɗaranji. Darar nan ce mai gida sittin da huɗu, kowane ɓangare da sarki da waziri, giwa biyu, doki biyu, ganuwa biyu, da sojoji takwas a gaba. Baba ya koye ta a Sawakin, a bakin tekun Sudan, inda ya yi shekara biyu yana jiran jirgin da zai ƙetaro da shi, a wajen wani akawu Basudane. A can, in ji shi, soja taki ɗaya yake yi, ko a tafiyarsa ta farko. Da ya zo Makka ya tarar ana barin soja ya yi tsalle biyu in ya so, bai hana kowa ba, amma shi har idonsa ya rufe bai taɓa yi ba.

Kuma buɗin wasa ɗaya gare shi duk rayuwarsa, ko farare ya samu ko baƙaƙe. Yana kiransa Zango. Sojan da ke gaban kowane doki ya yi taki ɗaya, giwayen biyu su shiga gurbin da suka bari. Sojojin tsakiya biyu su yi taki ɗaya ɗaya, dawakin su shigo bayansu su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Motsi takwas ke nan, babu wanda ya wuce layi na uku, kuma ba ka ko duban abin da abokin wasanka yake yi. Ya ce haka suke sauka a hanyar Wadai: a tara kaya a tsakiya, dabbobi a gefe, kowa ya san makwancinsa, sannan a jira a ga abin da daji zai kawo.

Da Zango ya koya mini wasa ina shekara tara, da shi kuma nake wasa kullum bayan la'asar a shagon Usta Abdulganiyyu mai gyaran agogo. Usta haifaffen Makka ne, kakansa ne ya zo daga Katsina, Hausarsa rabi da rabi ce da Larabci. Yana ajiye allon a bayan labule, don ba kowa ke son ganinsa ba, kuma 'ya'yan wasan nasa katako ne da aka fafe babu fuska babu kunne. Mai kallonmu na kullum shi ne Zali mai ruwa, dattijo ne mai yawan tsokana, wanda ke ajiye garwoyinsa a ƙofar shago ya shigo ya huta.

Idan na yi sallar magariba na hau gida, sai in tarar Baba ya zauna a kan tabarmarsa, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya ɗora tafin hannu a kan gwiwa.

“Wa ya samu farare?”

Daga nan sai in fara kawo masa wasan, motsi bayan motsi. Na farkon takwas ba ya bari in faɗa, shi yake jera su da kansa, yatsunsa na tafiya a kan gwiwar. Nawa kawai in gaya masa inda Usta ya tsayar da nasa. Daga motsi na tara ake fara hira. Yakan tsayar da ni ya ce, “Me ya kai ka can? Dokin nan ai ba a tashinsa sai an taɓa shi.” Wani lokaci mu yi gardama har tuwo ya huce, Yaya Rumasa'u ta gaji da kira ta rufe kwanon. A duk yini, wannan sa'a ɗayar ce ni da shi muke magana kamar mutane biyu da ba wanda ya ba wani kunya.

Akwai abin da na lura da shi a shekarar ƙarshe, ban gaya wa kowa ba. Kan Baba ya fara sakin abubuwa. Yakan manta ko ya sha magani, yakan kira Yaya da sunan Inna. Amma Zango yana nan daram, kamar yadda ya san inda randa take a ɗaki ba sai ya laluba ba. In wasa ya tashi daga Zango, zai bi shi har motsi arba'in bai ɓata ba. Wata rana na gwada ba shi wani wasa da na kalla tsakanin Usta da wani Bajawe, ɗan tsibirin Jawa, wanda ba da Zango aka buɗe ba. Kafin motsi na shida ya ce mini kansa na ciwo.

Bayan Hajjin 1384, wani alhaji daga Masar ya kawo wa Usta agogo gyara, ya ga allon, ya bar masa wani ƙaramin littafi mai zane-zane. Usta ya yi wata guda yana karanta shi da gilashin gyaran agogo a goshi. Daga nan abu ya canja. Ina kafa Zango, shi kuma sai ya turo sojojin tsakiya taki biyu biyu ya mamaye fili, ya fito da dawakai da giwaye a sarari, sannan ya ɗauki sojan can gefe, na gaban ganuwa, ya riƙa turo shi, taki, taki, har ya zo ya daki sojan da ke kare giwata. Da layin nan ya buɗe, sai ganuwarsa da wazirinsa su zubo ta ciki. Ni kuma kayana duk a cunkushe, doki ya tare wa waziri hanya, waziri ya tare wa sarki.

Na sha kashi sau goma sha huɗu a jere.

“Ja'afaru ya fara kafa bukkoki,” in ji Zali, da zarar na taɓa sojan farko. “Usta, je ka sha shayi ka dawo, har yanzu yana ɗaure raƙuma.”

“Bar shi, ya shekh,” Usta ya ce, yana dariya ƙasa-ƙasa. “Gadon gida ne.”

“Gadon gida ai shi ne tukuba, ita kuwa ya bar ta tana sanyi.”

Kullum ina hawa dutse da wasan da aka cinye ni, kullum Baba yana nemo magani. Ya ce in jinkirta ɓoye sarki. Na jinkirta, aka cinye ni. Ya ce in tare sojan gefen da nawa sojan. Na tare, Usta ya fasa ta tsakiya. Baba bai karaya ba, har ma na ga kamar abin ya ƙara masa kuzari. Da rana Yaya takan ji shi yana magana shi kaɗai, yatsu a kan gwiwa.

“Zango ba ya faɗuwa,” ya ce mini. “Mai zangon ne ke gajen haƙuri. Ka zauna a cikinsa, Ja'afaru. Ko wannan kaɗai, ka zauna a cikinsa.”

Ranar wata Talata a watan Rabi'ul Awwal na zauna gaban allo da farare. Zali ya buɗe baki zai fara. Ban shirya ba, ban yi tunani a hanya ba, hannuna ne kawai ya wuce sojan doki ya kama sojan da ke gaban sarki, ya tura shi taki biyu.

Usta ya ɗaga gilashinsa. “Ka tabbata?”

“Na taɓa, na motsa.”

Na fito da doki, na fito da giwa can waje inda take hangen sarkinsa, kamar yadda na ga yana yi. An cinye ni a ranar, amma sai da Usta ya yi gumi. Washegari ma haka. Rana ta uku na ci shi a motsi ashirin da shida. Ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba. Kayana suna da hanya, kowa na numfashi, ni nake kai hari ba jira nake a kawo mini ba. Usta ya ara mini littafin, ya nuna mini sunan buɗin, wai na mutanen Italiya ne. Zali ya ce ashe ɗan mai tsire yana da haƙora.

Amma tun ranar Talatar farko, da na hau gida na ga ƙafar nan a miƙe da tafin hannu a kan gwiwa, na san ba zan iya faɗa ba.

“Wa ya samu farare?”

“Ni ne, Baba.”

Ya fara jera motsin takwas, ni kuma na bar shi. Da ya gama na ɗauko wani tsohon wasa na bara na ba shi, na ɗan sauya ƙarshensa. Bai gane ba.

Haka na shiga sana'ar da ta fi kowace daɗewa a hannuna. Tsakanin shagon Usta da ƙofar gidanmu tafiyar minti ashirin ce, hawa ne. A cikinta nake ƙera wasa: in kafa Zango a kaina, in ba Usta motsin da suka yi kama da nasa, in kai abin har ƙarshe. Da farko nakan bari a cinye ni, don kada a yi zargi. Sai na ga yadda Baba ke kwana da damuwar, na fara ba kaina nasara. Na ɗauki shawarar da ya bayar jiya in sa ta yi aiki yau. Ran da na ce masa na ci da dawakai biyu, bayan na bi maganarsa na bar su a wurinsu har sai da aka taɓa su, dariya ya yi har da tari, ya kira Yaya ta zo ta ji.

“Littafin Masar,” ya ce. “Rumasa'u, kin ji? Littafi guda, da bugun inji da komai.”

Yaya ta dube ni ta gefen fitila. Ita ba ta san doki daga giwa ba, amma ta san ni. Da na fita alwala ta biyo ni.

“Kai, me kake ɓoyewa?”

“Ba komai, Yaya.”

“In kana faɗin gaskiya hannunka ba ya shiga aljihu. Wata biyu ke nan yana ciki.”

Na gaya mata. Ta zuba mini ruwa a buta.

“Cin abincinsa ya ƙaru,” ta ce. “Ban san abin da zan ce maka ba.”

A watan Rajab, ranar wata Laraba, na gama ba shi wasa, sai ya ce, “Jibi bayan la'asar za ka kai ni shagon Abdulganiyyu.”

Na ce hanya ba kyau, duwatsu sun zube tun ruwan bara. Ya ce zan goya shi. Na ce shagon ƙunci gare shi. Ya ce ai ba rawa zai yi ba.

“Shekara uku ina cin abin da ka tauna ka kawo mini. Ina so in ji shi da zafinsa sau ɗaya, in ji ƙarar katakon a kan allo. Kuma in ji muryar mutumin nan lokacin da Zango ya rufe shi.”

Washegari na je wajen Usta tun da hantsi, lokacin ba kowa. Yana sunkuye kan wani agogon aljihu. Na faɗa masa komai ina kallon ƙasa.

“Wato kana so in yi wa Ammi Sabo ƙarya a cikin shagona.” Ammi yake ce wa Baba, wato baffa da Larabci.

“Ba ƙarya ba, Usta. Zan buɗe da Zango, kai kuma ka sassauta. Kada ka turo sojan gefen nan. Wasa ɗaya.”

“Ka san mutumin da kake magana a kansa? Shi ya fara cinye ni a garin nan, ina saurayi, yana juya tsire da hannu ɗaya.”

“Yanzu ba kamar da ba ne. Kansa ya yi rauni.”

Usta ya rufe bayan agogon, ya kara shi a kunne. “Ɗayyib, na yarda. Wasa ɗaya. Ka gaya wa Zali ya riƙe bakinsa, in zai iya.”

Ranar Juma'a Baba ya sa farar rigarsa ta Idi. Tun safe ya sa Yaya ta daka yajin tsire, yana gaya mata awon kowane abu daga inda yake zaune, ta ƙulle a ƙyalle. Ya ce ba a zuwa wajen mutumin da ɗanka ya addaba hannu sake. Na goya shi a gangaren. Ban san ya zama marar nauyi haka ba, buhun alhaji ɗaya a Mina ya fi shi. Da muka sauka a shimfiɗaɗɗiyar hanya ya ce in sauke shi, ya dafa kafaɗata, muka shiga Jarwal yana amsa gaisuwa, yana gane mutane da muryarsu.

Usta ya taso ya sumbaci kansa, ya zaunar da shi a kan kujerarsa ta aiki. Zali ya durƙusa ya gaishe shi.

“Zali, har yanzu kana zubar da rabin garwa a hanya?”

“Baba Sabo, ai sadaka nake wa tururuwa.”

Aka kawo shayi, aka ja labule. Na samu farare. Muka yi sharaɗi kowa zai faɗi motsinsa da baki.

“Sojan dokin sarki, taki ɗaya,” na ce. Wata uku rabona da faɗin haka a gaban allo na gaske. Baba ya gyara zama, yatsunsa suka hau gwiwa.

Motsi takwas suka wuce lafiya. Usta ya kama tsakiya kamar kullum, ya fito da kayansa. A motsi na tara, inda ya saba ɗaukar sojan gefe, sai ya matsar da waziri gida ɗaya. Baba ya ɗan karkata kai. A na goma sha ɗaya Usta ya mayar da dokinsa baya ba dalili. Yatsun Baba suka tsaya, suka ci gaba. Usta gwanin wasa ne, amma bai iya yin wasa marar kyau ba, bai taɓa koya ba. Mai rauni na gaske yana kuskure ne yana neman wani abu. Shi kuwa kuskurensa ba ya neman komai. A na goma sha huɗu ya ce, “Giwar waziri zuwa gida na biyar a layin giwar sarki,” ya ajiye ta.

“Maimaita,” in ji Baba.

Usta ya maimaita.

“Abdulganiyyu, a bakin sojan Ja'afaru ka ajiye ta.”

“Wallahi ban lura ba, Ammi. Ido ya fara gajiya.”

“Mutumin da ke zare ƙusar agogon mata da hantsaki.” Baba ya sauke hannunsa daga gwiwa. “Ina sojan gefen da aka ce littafi ya koya maka? Tun ɗazu nake jiransa. Wata shida ina shirya masa.”

Zali ya sunkuyar da kai yana murza igiyar takalminsa.

“Na shigo garin nan da riga ɗaya,” Baba ya ce, muryarsa ba ta tashi ba. “An kira ni sunaye iri-iri a bakin tukuba. Amma ba wanda zai ce ya taɓa ganin tafin hannuna a buɗe a ƙofar Harami. Yau ɗana ya goyo ni tun daga kan dutse in zo in karɓi sadaka a shagonka.”

“Ammi, ba haka ba ne.”

“Ba da kai nake ba. Ja'afaru.”

“Na'am, Baba.”

“Yaushe ka bar shi?”

“Rabi'ul Awwal.”

Ya ƙirga da yatsu. “Wasannin da kake kawo mini fa?”

“A hanya nake haɗa su.”

“Har na dawakai biyun?”

“Har shi.”

Wani agogo ya buga ƙarfe, wani ya biyo shi a makare.

“Na ji daɗin wannan wasan,” ya ce.

Na so ya zage ni. Na so ya ce abin da bai taɓa faɗa ba game da makaranta da tukuba da tela. Maimakon haka sai ya laluba ya sami kofin shayinsa ya kurɓa.

“Ku sake jerawa. Ka yi abin da kake yi da gaske, shi ma ya yi nasa. Tunda na zo, in ji.”

Muka jera. Na ce, “Sojan sarki, taki biyu.”

Yatsan Baba ya yi tsalle a kan gwiwa, ya tsaya a inda bai saba tsayawa ba. Usta ya amsa da nasa sojan. Doki, doki. Giwa, giwa. Ina faɗa ina satar kallonsa. A motsi na biyar ya ce, “Dokinka na ina?” Na gaya masa. A na bakwai ya sake tambaya, na sake gaya masa. Daga nan bai ƙara tambaya ba. Hannun ya kwanta. Ya bar fuskarsa a wajen allon saboda ladabi, yana gyaɗa kai jefi-jefi, wani lokaci a inda babu abin gyaɗa kai. Usta bai sassauta ba ko kaɗan, ni ma ban san yadda zan yi in sassauta ba. Wasan ya yi kyau, shi ne mafi kyau da na taɓa yi har zuwa ranar. Na ba da ganuwa na karɓi sarkinsa a motsi talatin da ɗaya. Zali ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe.

Shirun ne ya sa Baba ya gane an gama.

“Wa ya ci?”

“Ja'afaru ne, Ammi,” in ji Usta. “Ci na gaske. Wallahi na gaske.”

“Madalla.” Ya ciro ƙullin yajin daga aljihu ya miƙa wajen muryar Usta. “To ashe dai yajin bai ɓata ba, ga naka.”

A hanyar komawa bai dafa kafaɗata ba sai gefen rigata ya riƙe. Da muka iso gindin dutse na durƙusa ya hau. Muna tsakiyar hawa, bakinsa kusa da kunnena, ya ce, “Sabon naka, yana da suna?”

“Wai na Italiya.”

“Za ka zauna a cikinsa?”

Na yi taki uku ko huɗu kafin in amsa. Na gaji da yi masa ƙarya.

“Ban sani ba, Baba.”

“To.”

Ya gwada, wannan kam sai na faɗa. Washegari bayan magariba ya miƙe ƙafa ya ce in koya masa. Na fara a hankali, ina maimaita kowane motsi sau biyu, har na kama yatsansa ina ɗora shi a inda doki ya sauka. Muka kai motsi shida. Kashegari muka koma farko, don na jiya ya zube, muka kai biyar. Rana ta uku ya riƙe har bakwai, na fara murna, sai ya ce, “To giwar ta shiga gurbin sojan doki ko?” Ya koma Zango bai sani ba. Na ce a'a, tana waje. Ya ce waje ina? Na faɗa. Ya riƙa laluben gwiwarsa kamar wanda ya yar da allura.

Na ce, “Baba, gobe zan koma Zango. Ko za a cinye ni kullum, zan koma, in kawo maka na gaskiya.”

“Don ni?”

Na ci gaba da kallon gwiwarsa.

“Wannan ma sadaka ce irin ta Abdulganiyyu,” ya ce. Ya naɗe ƙafarsa. “Rumasa'u, kawo tuwon nan tun da zafinsa.”

Ya ƙara wata huɗu a duniya. Ban fasa zuwa shagon ba, don ran da na ƙi zuwa ya tambayi dalili, kuma ba ni da amsar da zai karɓa. Kullum in na hau gida bayan magariba ina tarar da shi a kan tabarma, hannuwansa a cikin riga. Nakan zauna kusa da shi, a wurin da na saba.

“Ka je?”

“Na je.”

“Ka ci?”

“Na ci,” ko kuma, “An cinye ni.”

“Madalla,” yake cewa, ko wanne ne.

Daga nan sai mu zauna, muna jin Yaya tana kwankwasa muciya a bakin tukunya, har a kira isha'i in tashi in kama hannunsa in kai shi wajen buta.